Mijin Yayata, Golan Ƙanƙara

Yayata ta tafi Finland aikin jinya, ta daɗe a can, ta dawo unguwarmu Nima, a Akra, da miji. Bature ne dogo, kafaɗunsa sun cika ƙofar ɗakin mahaifiyarmu, sai da ya karkace kafin ya shiga gaisuwa. Tun a can ya musulunta, kuma a bakin yayata ya koyi Hausa, saboda haka irin tamu ta zongo yake yi, wadda ba ruwanta da mace ko namiji. "Mama ya ce ka zo," haka yake cewa, ba kuwa wanda ya yi masa dariya, don mu ma haka muke faɗa. Ni ina kiransa Akonta, kamar yadda ake kiran mijin 'yar'uwa a Akra, har duk layinmu suka ɗauka.

A lokacin ina aikin walda a wani shago kusa da babbar gotar da ta raba Nima da Maamobi, ranar Lahadi kuma ni ke tsare wa ƙungiyar layinmu raga. Wata safiya muna shan koko a tsakar gida, yayata ta nuna shi da ludayi ta ce mini, "Ai shi ma gola ne. Abincinsa ke nan tun yana saurayi."

Na dubi yadda yake tafiya, ƙafafu a buɗe kamar tsohon da ya sauka daga doki, na ce, "Wannan? A wace ƙungiya?"

Ya ciro wayarsa ya miƙo mini. Ban ga ciyawa ba, ban ga ƙwallo ba. Fili ne fari fat na ƙanƙara, mutane na gudu a kai da takalman da aka ɗaura wa wuƙa a ƙasa, kowa da sanda mai lanƙwasa, suna korar wani ɗan baƙin faifai. A bakin wata 'yar raga akwai mutum ɗaya da aka naɗe da kaya kamar katifa, kansa cikin kwalkwali mai ragar ƙarfe. Wani ya ɗaga sanda ya sheme faifan. Idona bai ga tafiyarsa ba, sai dai na ji ƙara, na ga golan ya faɗi rigingine. Da aka cire masa kwalkwalin, ƙarfen ya lotse ciki, jini na malala a kan farar ƙanƙara yana tururi.

"Ni ke nan," in ji Akonta. Ya sa yatsa a baki ya zaro haƙoransa na gaba gaba ɗaya, ya ajiye su a tafin hannu, ya yi mini murmushi da dasashi. Mahaifiyarmu ta yi salati ta kau da kai.

Faifan roba ne, in ji shi, amma ana daskarar da shi kafin wasa har ya koma dutse. Daga ranar na riƙa binsa da tambaya, shi kuwa ba mai yawan magana ba ne, sai da na haɗa labarin gutsure-gutsure. A wani ƙaramin gari na arewacin ƙasarsu aka haife shi, inda rana ke ƙin fitowa a lokacin sanyi. Ubansa ma'aikacin kamfanin takarda ne. Yayyensa maza ne suka fara tsayar da shi a raga a kan daskararren tafki, don suna neman wanda za su riƙa harbi, suka ɗaure masa tsofaffin mujallu a ƙwauri. Idan ya yi kuka su ƙara ƙarfi. Bai kai ashirin ba ya shiga babbar gasar ƙasar. Ya yi wata kakar wasa da kusan komai aka harbo sai ya kama, jaridu suka sa hotonsa, masu farautar 'yan wasa suka zo daga Amurka suka ɗauke shi.

"Na ɗauka na isa," ya ce. "Ashe benci za ni."

A babbar ƙungiyar da ta ɗauke shi bai wuce zaman benci ba. Suka tura shi ƙaramar gasa, inda ake kwana a bas daga gari zuwa gari, 'yan kallo kuma ba wasa suka zo gani ba, dambe suka zo gani. A can ya samu tabon da ya taso daga ƙarƙashin kunnensa ya gangara har ƙashin wuya. An yi turmutsutsu a bakin ragarsa, wani ɗan ƙungiyarsu ya faɗi ƙafa sama, wuƙar takalminsa ta bi wuyan Akonta. Ya ce bai ji zafi ba, ɗumi kawai ya ji yana shiga cikin rigarsa. Da kansa ya tashi ya dafe wuya ya zamo har gefen fili, likitan ƙungiya ya cusa yatsa cikin raunin ya toshe jijiya, a haka suka shiga motar asibiti, yatsan mutumin na cikin wuyansa. Kafin kakar ta ƙare ya koma raga.

Bayan Amurka ya yi Rasha, ya yi Jamus. Golan ƙanƙara durƙusawa yake yi gwiwoyi a haɗe, ƙafafu a baje, ya faɗi ya tashi, ya faɗi ya tashi, shekara da shekaru. Wannan ya cinye masa ƙugu, aka fasa ɓangarorin biyu aka sa ƙarfe. Abin da ya gama da shi kuwa gwiwar wani ɗan gaba ce da ta same shi a kai da gudu. Ya farka bai san a wace ƙasa yake ba. Aka mayar da shi gida, aka kwantar da shi a asibitin da yayata ke aiki, likitoci suka ce kansa ba zai ɗauki wani bugun ba. Ita ce ke rufe masa labule saboda haske na sa shi amai. Auren daga nan ya samo asali.

Wata rana na tambaye shi damben da nake gani a wayar, don na lura alƙalan wasa tsayawa suke yi suna kallo.

"A wasanmu in ka taɓa gola, dole ka biya," ya ce. "Mutum biyu su jefar da safar hannu, su kama juna, sauran su tsaya. Ɗaya ya faɗi, shi ke nan, ya ƙare. Gobe ku gaisa."

"Akonta, nan ba haka ba ne," na ce masa. "Nan in ka mari mutum ɗaya, ka mari layinsu duka."

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake.

Shi ya nemi ya riƙa horar da ni. Da sassafe kafin in buɗe shago muke zuwa filin wata makaranta, ƙasa ce da tsakuwa, ya tsaya kusa da ni ya riƙa jifan fuskata da ƙwallo iya ƙarfinsa. In na runtse ido ya daka mini tsawa. Ya fasa mini hanci, ya fasa mini leɓe, ya ce in tofar in tsaya. Wani lokaci nakan ji kamar in ɗauko guduma a shago in biyo shi. Amma na daina runtse ido, na kuma koyi fita in faɗa ƙafafun ɗan gaba ba tare da na juya fuska ba. Mutanen layinmu suka fara cewa ragarmu ta samu ƙofa.

Sai aka haɗa mu wasa da wata ƙungiya ta tsallaken gota, 'yan Maamobi. Akwai tsohuwar jiƙaƙƙiya tsakaninmu, wadda ba wanda ya tuna mafarinta. Ɗan gabansu wani matashin mahauci ne, ƙaƙƙarfa, wanda a teburin ubansa mahaifiyarmu ke sayen nama tun muna yara. Bayan la'asar aka fara. Fili ya cika, mutane har kan katangar makaranta, masu waakye, wato shinkafa da wake, da masu ruwan leda sun jera a bakin layi. Akonta yana tsaye a bayan ragata da hularsa ta malafa.

Sau da dama mahaucin ya harbo ina kamawa, 'yan layinmu na yi masa ihu suna kiran sunan sana'arsa da izgili. Na ga idonsa ya canza. Ana dab da tashi aka zura masa ƙwallo, ya taho shi kaɗai. Na fita na faɗa ƙafafunsa, na rungume ƙwallon a ƙirji. Yana da damar tsallake ni. Bai tsallake ba. Ya kai mini takalmi a muƙamuƙi, na ji wani abu ya ɓalle a cikin kaina kamar an karya busasshen rake. Ina kwance bakina cike da jini da tsakuwa, ya juyo ya sake taka mini hannu.

Da ido ɗaya na ga abin da ya biyo baya. Akonta ya zagayo raga da wannan tafiyar tasa ta mai ƙarfe a ƙugu, bai yi gudu ba. Ya cire hula ya jefar, ya damƙi rigar mahaucin ta baya, ya jawo ta ya rufe masa kai, ya shiga kirɓarsa da hannun dama. Ƙarar kamar ana sara ƙashi a kan kututture. Mahaucin ya durƙusa, ya kife. Nan take Akonta ya sake shi, ya ja da baya, ya ɗaga hannuwa biyu sama, ya juya yana neman hularsa. A wurinsa an gama.

Katanga ta zubo da mutane. 'Yan Maamobi suka shigo ta gabas, namu ta yamma, aka ɗauki bencin 'yan makaranta ana karyawa a bayan juna. Tukunyar mai waakye ta kife, wani ya zame a cikin shinkafa aka bi ta kansa. Kwalabe na fashewa, duwatsu na sauka kamar ruwan sama, na ga wani da adda yana jan ta a ƙasa tana tartsatsi. Alƙalin wasa ya haura katanga ya bar usur ɗinsa. Ina ƙoƙarin kiran Akonta, bakina ya ƙi buɗuwa. Yana sunkuye zai ɗauki hularsa, sai wani ya zo ta bayansa da rabin bulo, ya ɗaga da hannu biyu, ya sauke masa a ƙeya.

Bai yi ƙara ba. Ya faɗi a kan fuskarsa, ƙafafunsa na karkarwa. Na ja jiki na kwanta a kansa, ana ta taka mu, har limamin masallacin layinmu da wasu dattawa suka shigo tsakiya da carbi a hannu suna kiran mutane da sunayen iyayensu. Wannan ne ya sanyaya abin kafin 'yan sanda su iso. Wani direban trotro, ƙaramar bas ta haya, ya sauke fasinjojinsa, aka zuba mu a ciki mu uku, ni da Akonta da mahaucin, jininmu na haɗuwa a ƙasan motar yana gangarawa wajen ƙofa duk lokacin da aka taka birki.

Yayata ta same mu a asibiti. Ba ta yi kuka ba. Ta duba idanun mijinta da fitilar wayarta, ta yi wa likitan magana da irin yarensu na aiki, sannan ta juyo kaina.

"Na ɗauko shi daga inda ake fasa masa kai," ta ce, "na kawo shi gidan uwata don ya huta."

Ni kuwa ina kwance, an ɗaure mini muƙamuƙi da wayar ƙarfe.

Akonta ya farfaɗo, amma idonsa na hagu ya daina gani, kuma hasken rana ya koma masa azaba. Aka rufe tagar ɗakinsu da bargo. Wanda ya sauke masa bulon ba a taɓa sanin ko wane ne ba. Kowa ya ce bai gani ba. Dattawan ɓangarorin biyu suka zauna a gidan mai unguwa, aka yi ta magana, aka hana wasa tsakanin ƙungiyoyin, aka yi fatiha.

Bayan an sallame mu, tsohon mahaucin ya zo gidanmu da ɗansa da cinyar rago a leda. Yaron ya rasa haƙora, an ɗinke masa leɓe, fuskarsa ta kumbura har ba ka gane shi. Ya durƙusa a gaban mahaifiyarmu, ya kasa ɗaga kai. Akonta ya fito daga ɗaki yana dafa bango, tawul a kansa, ya zauna a kan tabarma kusa da shi.

"Ka buga gola yana ƙasa," ya ce masa. "Ba kyau."

"Na sani, Akonta."

"Ni ma na buga ka da yawa. Ka yi haƙuri."

Mahaifiyarmu ta dubi naman, ta dube mu mu uku, ba mai iya tauna ko loma ɗaya a cikinmu. Ta aika aka sayo koko, ta zuba mana a kofuna, ni ta sa mini tsinken shan lemo ta tsakanin waya. Muka zauna muna zuƙa, tsohon mahaucin da yayata na tsaye a kanmu ba mai kallon wani.

Da ya samu ƙarfin hawa jirgi yayata ta mayar da shi ƙasarsu, inda likitocin da suka san kansa suke. Idon bai dawo ba. Yanzu yana taimaka wa wata ƙaramar ƙungiya a garinsu, yana koya wa matasan gololi tsayuwa, a ranakun da ciwon kai ya bar shi ya fita. Ni muƙamuƙina ya haɗe a karkace, na bar raga, na riƙe waldata. Yayata takan kira mahaifiyarmu kowace Juma'a. Ta daɗe ba ta ce a ba ni wayar ba, sai a azumin bara.