Kalmar Infisal da Ta Raba Ni da Ɗakina a Abhur

Edita, Allah ya ƙara basira. A lokacin da wannan abu ya same ni, kuku ce ni a gidan wasu tsofaffin Turawa a Abhur, wata unguwa a gefen Jidda. Karatuna bai wuce firamare ba, a garinmu na yi ta kafin aure ya kawo ni Jidda. Turanci bai taɓa zama a kaina ba, Larabci kuwa a unguwarmu ta Karantina na tsince shi da wajen cefane a Bab Makka. Tun ƙuruciya ni mai yawan waswasi ce, nakan sake alwala saboda shakkar gwiwar hannu, in koma kicin in taɓa kan gas ko da na san na kashe. Da aka rushe Karantina, ɗakin da mijina ya rasu ya bar ni a ciki ya bi ƙasa, iƙamata kuma, wato takardar izinin zamana, ta riga ta mutu tare da mijin nawa. Masu gidan nan suka ba ni wani ɗan ɗaki a bayan kicin. Ban da shi ba ni da inda zan sa haƙarƙarina a duk faɗin garin.

Maigidan injiniya ne, ya daɗe a ƙasar har Larabci ya zauna a bakinsa. Ina ce masa Baba, yana ce mini Hajiya, kullum yana tsokanata wai yajina zai kai shi kabari kafin kwanansa ya ƙare. Matarsa, wadda muke kira Madam, Larabcinta kaɗan ne, na gaisuwa da hirar maƙwabta. Ni a wurina duk mutanen Ingila ne. Sai aka shiga wani lokaci da in sun kalli labarai, gardama ta kaure a kan tebur. Madam ta buga hannu, Baba ya yi dariya, ta tashi ta bar abinci. Ni kuwa in kwashe kwanuka.

Wata safiya ina zuba masa shayi na yi ƙarfin hali na tambaye shi ko lafiya. Ya yi dariya ya ce kada Hajiya ta damu, maganar infisal ce kawai. Ya ce an yi na farko an zauna, amma alkawarin da aka zauna a kansa an karya, don haka shi yana son marra tanya, wato karo na biyu, Madam kuma ta ce sau ɗaya ya isa. Ya ce yalla, ya ɗauki mabuɗin mota ya fita.

Ni infisal ɗaya na sani, wanda matan Karantina ke faɗa idan aure ya mutu. Na yi salati na zauna a ƙasa. Ashe igiya ɗaya ta riga ta tsinke, ga ta biyu tana lilo. Daga ranar abinci ya daina shiga cikina. In na yi shiru, ina jin Allah zai tambaye ni don na ga gida zai rushe ban sa baki ba. In na yi magana, ina jin na ci amanar Baba. A ƙarƙashin duka kuma akwai tsoron da ban iya faɗa wa kowa ba: in gidan ya watse, ina zan kwana?

Na yanke shawarar yin abin da na ga iyayenmu na yi, wato a lallashi mace tun wuri. Na dafa mata shinkafa da kifi irin na mutanen Jidda da take so, na durƙusa na kama hannunta. Da Larabci mafi sauƙi na ce ta yi haƙuri, Baba ya gaya mini yana son infisal karo na biyu, amma ƙofa ba ta rufe ba, ta tausasa harshe. Ta tambaye ni ko da bakinsa ya faɗa. Ta sake tambaya ko marra tanya ya ce. Na rantse mata da Allah. Ta ce ta gode, ta bar kifin yadda na ajiye shi.

Abin da ban sani ba, tun kafin su zo Jidda sun taɓa rabuwa da gaske suka koma, maganar da ko 'ya'yansu ba sa tayarwa. Sai ta ɗauka ya tona asirinsu ga kuku, kuma yana shirin maimaitawa. Rigimar ranar ba ta yi kama da sauran ba, babu buga tebur, babu dariya, murya ƙasa ƙasa. Ba a daɗe ba ta haɗa akwatunanta. A bakin ƙofa ta rungume ni ta ce ni kaɗai na gaya mata gaskiya a gidan.

Baba bai yi mini tsawa ba. Ya kira ni ya ɗora ƙaramin kofin gahawa da babban kofin shayi a faranti ɗaya. Ya ce ƙaramin ƙasarsa ce, Sikotilan, babban kuma Ingila ce ta Madam, gwamnati ɗaya ta haɗa su. An taɓa jefa ƙuri'a ko su ware, mutanensa suka zaɓi zama. Daga baya babbar ta ja su suka fita daga tarayyar Turai ba da son yawancinsu ba, shi ya sa wasu ke neman a sake ƙuri'ar. Rabuwar ƙasa da rabuwar aure duk infisal ne a Larabci. Na fashe da kuka na ce a kira ta in warware. Ya ce ai ta gane tun a ranar, har ta yi dariya mai ɗaci. Amma a cikin rigimar ta tambaye shi ko ya taɓa nadamar komen da suka yi, shi kuma ya yi jinkirin amsawa. Ya ce halas, Hajiya, wato shi ke nan.

Don ya tsayar mini da kuka, ya ce tunda na zama alƙaliyar aure, in yanke na ƙasa ma: a sake ƙuri'ar ko a bari? Na ce ni ban san sha'anin ƙasa ba, amma wanda ya zauna a kan alkawari aka karya masa, yana da haƙƙin a sake tambayarsa, sai dai mai tambaya ya shirya wa amsa. Ya sunkuyar da kai ya ce abin da Madam ta yi ke nan, ta sake tambaya.

Da aikinsa ya ƙare ya koma ƙasarsa shi kaɗai, aka kulle gidan. Yanzu a kusurwar ɗakin wata ƙawata nake shimfiɗa tabarma, da safe in soya fanke in kai Bab Makka. Ban san ko mutanensa za su sake jefa ƙuri'ar ba, ina dai roƙa musu abin da ya fi alheri.

'Yan'uwana mata masu aiki a gidajen mutane, musamman masu waswasi irina, kada tsoro ya yi muku fassara. Ko a Hausarmu a raba aure da a raba ƙasa duk raba ne. In kun ji kalma mai nauyi a bakin da ba harshenku ba, ku koma wurin mai ita ku ce me yake nufi. Ni da nake komawa kicin in taɓa gas ɗin da na san na kashe, ban koma na sake tambayar Baba ba.