Wanda Ya Riga Tsayawa

Duk lokacin da yaran unguwarmu a Akurba suka fara buga ƙwallon kwando a siminti, dum, dum, dum, sai na nemi inda 'yata take. Ƙarar nan tana mayar da ni gidanmu na Kwandere, ina 'yar shekara tara.

Baba da ƙanensa, wanda muke kira Baba Ƙarami, ba su da abin musu sai 'yan wasan ƙwallon kwando guda biyu na ƙasar waje. Baba Ƙarami ya taɓa buga wasan kafin gwiwa ta kwantar da shi, shi ne ke kawo kaset. In an kawo wuta bayan la'asar, sai su kunna, mu kuma mu leƙa ta taga.

Baba na son wani dogo. In abokin hamayya ya jefa ƙwallo, sai dogon ya tashi sama ya mare ta, jama'a su yi ta ihu. Baba Ƙarami kuwa nasa wani kakkaura ne, ba ya ko tsalle sosai.

"Wannan naka buhun doya ne," in ji Baba. "Me ya tare?"

"Yaya, naka sai an wuce shi yake tunawa da aiki. Nawa cibiyar mutum yake kallo. Hannu zai ruɗe ka, ido zai ruɗe ka, amma inda ciki ya nufa, nan mutum za shi. Sai ya riga shi tsayawa a wurin."

Ranar da nake ba ku labari, damina ta yi nisa, rijiyar tsakar gida ta cika har kana ganin fuskarka. Mama ta tafi kai niƙa, ta bar min ƙanwata da ba ta daɗe da koyon gudu ba. Ni kuma na manne a taga. Da na waiwaya, murfin rijiya na jingine a bango, yarinyar kuma ta saki lemonta yana gangarawa wajen rijiyar, tana binsa tana dariya.

Na san halinta. In na yi ihu ko na bi bayanta, wasa za ta ɗauka, ta ƙara gudu. Sai na yanke ta bayan turmi, ƙafata na zamewa a laka, na isa bakin rijiya kafin ita. Na durƙusa kaɗan, na buɗe hannuwa. Ta kalli hagu, ta karkata kai, tana ƙyalƙyala dariya. Ban kalli fuskarta ba. Cibiyarta na kalla, da ta leƙo ƙarƙashin riga. Ɓangaren dama ta yi. Na matsa. Ta faɗo ƙirjina, bayana ya bugi siminti, na ji lemon ya faɗa ruwa, tsulum.

A ɗaki Baba na ihu, dogonsa ya sake mare ƙwallo. Na ja murfin na rufe. Babu wanda ya gani. Da Mama ta dawo, faɗa ta yi min, wai na sa yarinya kuka, na kuma ɓata riga.

Yanzu an toshe rijiyar, Baba Ƙarami ya rasu, ƙanwata na koyon ɗinki. Gidan hayarmu bakin titi yake, babura na wucewa kamar an koro su. Maigidana kan nuna min wasan a waya, gajeru-gajeru, duk masu tsalle ne. Irin kakkauran nan ba a nuna su, tunda inda suka tsaya babu abin da ke faruwa.

Yakan ce min, "Ke dai kullum a bakin ƙofa, wanki a nan, tsintar shinkafa a nan. Ki shigo inuwa mana."

Nakan ce masa nan ya fi iska. 'Yata ta fara gudu watan jiya.