Yaya Lawal da Warin Sabon Fenti

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Lawal, kuma ban taɓa jin rashinsa kamar wannan makon ba.

A Ƙofar Gayan aka haife mu, inda babban ruwan da muka sani shi ne kududdufin bayan gida. Sai ga shi Allah ya kai Yaya aikin sojan ruwa, mutumin da ko wanka sai Inna ta yi masa tsawa. Aikinsa shi ne karɓar kayan gyaran da gwamnati ke sayo wa jiragen da ke kai wa 'yan'uwansu mai da abinci da ruwan sha a tsakiyar teku. Ɗan kwangila ba ya ganin sa hannunsa sai an fasa akwati a gabansa. Ya ɗaga ƙarfe ya jujjuya, ya shinshina, ya kankare fentin da makullin motarsa. Ya ce sau da yawa tsatsa yake tararwa a ƙasa, tsohon kaya ne aka wanke aka shafe.

'Yan kwangila sun tsane shi, shi kuwa ko a jikinsa. Ni ma na sha ce masa taurin kansa ya yi yawa, musamman da aka yi ta tsallake shi wajen ƙarin girma. Sai ya ce, "Binta, in inji ya tsaya a teku, wane bakanike za a kira?" Yau ina jin kunyar maganganun da na gaya masa.

Ɗansa Nura yanzu injiniya ne a irin wannan jirgin. Ranar Lahadi ya kira ni, muryarsa ba yadda na saba ji ba.

"Gwaggo, famfon da ke sanyaya injinmu ya mutu, an kawo wani. Sai warin sabon fenti yake yi."

"Ka kankare?"

"Na kankare. Abin da Baba ke faɗa na gani. Na gaya wa oga, ya ce an riga an karɓa a ofis. Hoto aka tura musu ta waya suka sa hannu. Don Allah kada ki gaya wa Umma."

Tun ranar nake tunanin abin da Yaya zai ce da wannan zamani, da ake karɓar ƙarfen da rayuka suka rataya a kansa ba tare da hannun kowa ya taɓa shi ba. Na san ba zai yi dogon surutu ba, ƙin sa hannu zai yi. Nura ya gaji idon mahaifinsa da hancinsa, wannan kam bai mutu ba. Kujerar ce bai gada ba, kuma ganinsa bai isa ya tsayar da jirgi ba. Gaskiya ina jin tsoro.

Ranar Talata su Nura suka fita teku, ba a samunsu a waya sai sun dawo. Jiya na leƙa wajen Hajiya Rabi, mahaifiyarsa, na tarar tana tsince shinkafa a tsakar gida. Na ɓoye mata zancen famfon, amma ta daɗe tana kallon fuskata.

"Binta," ta ce, "da babansu na da rai, zai bar shi ya hau jirgin nan?"

Na san amsar sarai. Na ce mata mu yi ta addu'a.