Mutumin da Ya Zauna Kan Tokarmu

Shekara tara ke nan da muka kai Kwamanda Salifu makwancinsa, amma har yau in jiniyar motar kashe gobara ta wuce, ƙafata takan tsaya da kanta a kan keken ɗinki. Ni tela ne, sunana Mamman Lawali, daga Damagaram na zo Yamai neman abinci tun gashina yana baƙi. Ba dangin iya ba na baba tsakanina da shi, ban kuma taɓa sa kaki ba. Abota ce kurum, kuma wuta ce ta haɗa ta.

Shi ne shugaban masu kashe gobara na birnin nan a zamaninsa, waɗanda muke kira pompiye. Mutumin Maraɗi ne, dogo, siriri, da wata 'yar murya da sai ka matso kake jin ta. Yana da wata ɗabi'a da duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa ya ɗauka: ba ya buɗe ƙofa, ba ya taka wuri bayan wuta, sai ya fara taɓawa da bayan hannu ya ji zafinsa. Abin ya bi jikinsa har kofin shayi ma sai ya yi masa haka. Nakan ce masa wata rana sai ya taɓa ni da bayan hannu kafin mu gaisa.

Ranar da na fara ganinsa, wata Jumma'a ce da rana tsaka. Muna masallaci wuta ta kama ƙaramar kasuwarmu da ke tsallaken kogi, inda muke da layin teloli. Kafin mu sallame hayaƙi ya rufe rana. Na iske shi tsaye a bakin layin masu kanwa, kwanon rufi yana lanƙwashewa yana zubowa. Aka ce akwai wata tsohuwa a ciki. Bai tura kowa ba. Ya taɓa ƙyauren rumfar da bayan hannu, ya jiƙa bargo, ya shiga. Na riga na fara yi masa addu'ar da ake yi wa mamaci, sai ga shi ya fito da tsohuwar a kafaɗa, tana zaginsa don ya bar mata kwaryarta a ciki. Tun daga ranar nake jin kwarjininsa, kuma ban daina ba.

Akwai abin da duk tsohon ɗan kasuwa ya sani, wanda ba a koyarwa a makarantar pompiye. In rumfarka ta ƙone, ba ka tafiya gida ka yi kuka. Tabarma kake nema ka shimfiɗa a kan tokarka ka zauna. Rumfunan irinmu ba su da takarda. Shaidarka ita ce kana wurin, maƙwabcinka na dama da na hagu sun san ka. In ka tashi, wurin ya zama fili, fili kuwa a Yamai ba ya kwana babu mai shi. Mun san haka sarai, har wasu sun fara ɗauko tabarmi. Sai Kwamanda ya sa aka zagaye kasuwar da igiya, ya ce ƙasa tana da zafi, akwai garwashi a ƙarƙashi, kowa ya fita har ta huce. Wa zai yi gardama da mutumin da ya fito daga cikin wuta yanzun nan? Muka fita.

Ƙasa ta huce, amma ba mu koma ba. Inda igiya take aka kafa shingen kwano, aka ce gyara za a yi. Aka yi gyaran kuwa, shaguna na siminti masu ƙofar ƙarfe, aka ba waɗanda suka fi mu ƙarfi. Babu wanda ya kore mu da baki. Duk ofishin da muka je sai a tambaye mu abin da ke nuna mun taɓa zama a wurin, mu kuwa sai mu dubi juna.

Na ari keke na ɗora a ka, na koma telan yawo, ina kaɗa almakashi a lungunan unguwar Lazaret kamar wanda ya zo birni jiya. A haka wata safiya wani mutum ya kira ni daga ƙofar gidansa, riƙe da wando mai yagaggen aljihu. Na gane Kwamanda ne, shi bai gane ni ba. Ina cikin ɗinki ya ce hannun nan nawa ba na ɗan yawo ba ne, ina shagona? Na gaya masa. Ya tambayi sauran mutanen layinmu, na lissafa masa: wane ya koma ƙauye, wane yana tura baro, wane ya tafi kudu ba a sake jin labarinsa ba.

Sannan ya ce, "To mi ya hana ku zamna bisa wurinku?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, kai ka ce mu fita."

Na ɗauka zai yi fushi, ko ya ce aikinsa ya yi, don kuwa aikinsa ya yi. Sai ya zauna a kan dakali kusa da ni, ya ce in sake gaya masa zancen tabarmar nan daga farko, a hankali. Babban mutum mai tauraro a kafaɗa, yana sauraron telan yawo kamar ɗalibi. Da na gama ya ce, "Ashe wuta ta ci rabi, igiyata ta ci sauran."

Daga nan aikinsa ya sake. Duk inda suka kashe gobara a kasuwa ko a bukkokin masu gadin filaye, ba ya barin a kwashe tiyo sai an rage ruwa a tanki. Ruwan ƙarshen nan ƙasa ake bai wa, a jiƙa ta har ta huce, ya bi rumfa rumfa yana taɓawa da bayan hannu, yana cewa mai wurin ya zo ya zauna. Na ji an yi ta kiransa ana ce masa wannan ba aikin pompiye ba ne, ɓarnar ruwa ce. Ban san abin da yake amsa musu ba, bai taɓa gaya mini ba. Na dai san ya ajiye aiki tun da sauran ƙarfinsa.

Kowa ya zaci zai koma lambunsa na Goudel ya yi ta ban ruwan salati har Allah ya karɓi abinsa. Lambun ya sha wuya. Kwamanda ya ɗaure tabarma da buta a bayan tsohon babur ɗinsa, duk inda hayaƙi ya tashi sai ka gan shi. Yakan zauna da waɗanda wuta ta ci, ya raka su ofis ofis, ya yi magana a rediyo da 'yar muryar nan tasa, kan masu rumfuna, kan mata masu suyar kifi a bakin kogi, kan unguwannin da mota ba ta iya shiga lungunansu. Ba ya zagin kowa. Cewa yake ya ga wuta iri-iri, bai taɓa ganin wadda ta ƙone hakkin mutum a kan wurin zamansa ba. Matarsa, Hajiya Rabi, takan ce da yana aiki warin hayaƙi take wankewa, yanzu da ya huta kuma toka.

Ni kuwa na samu 'yar rumfa a wata kasuwar, na tara yara biyu masu koyo, na fara ganin haske. Sai wuta ta sake biyo ni. Wannan karon da hantsi ne, kuma ruwan motocin ya ƙare kafin a kai ga jiƙa ƙasa. Muna tsaye da tabarminmu a hannu, toka tana turiri, ba wanda ya iya takawa. Can gefe kuwa wata babbar mota ta riga ta iso da kwanon shinge da ginshiƙai. Na san abin da nake kallo. In na sake rasa wurin nan, shekaruna ba za su bar ni in ƙara ɗaukar keke a ka ba.

Sai ga ƙarar babur. Kwamanda ya sauka cikin farar riga, ya kwance tabarma, ya tambaye ni ina rumfata take. Na nuna masa. Na lura bai taɓa ƙasar da bayan hannu ba, karo na farko ke nan tun da na san shi. Ya taka ya shiga, ya shimfiɗa, ya zauna ya tanƙwashe ƙafafu, ya ciro carbi.

Shugaban pompiyen da ke wurin wani matashin laftana ne, yaron da Kwamanda ya horar da hannunsa. An ba shi umurni ya fitar da kowa don wurin yana da haɗari. Ya zo ya sara masa, ya durƙusa ya ce, "Baba, don Allah ka tashi."

Kwamanda ya ce, "In ƙasa ta huce, ba ka da hujjar tada ni. In ba ta huce ba, ka san abin da na koya maka. Taɓa ka ji."

Yaron ya kai bayan hannu, ya janye da sauri. Ya dubi tsohon, ya dubi gefen tabarmar da ya fara yin baƙi. Bai je wurin masu shinge ba. Ya ruga wajen motarsa, ya aika a cika tanki a kogi. Duk tsawon lokacin da motar ta ɗauka kafin ta dawo, Kwamanda yana zaune yana jan carbi, gumi yana ɗiga daga gemunsa, bai ko gyara zama ba. Na roƙe shi, na yi masa rantsuwa na yafe rumfar. Ya ce, "Tela, ba taka ɗai ba ce." Da ruwa ya iso, laftanan da kansa ya riƙe tiyo. Kafin azahar kasuwar nan ta cika da tabarmi, kowa a kan tokarsa. Motar shinge ta jira ta gaji, ta juya da kayanta.

Kwamanda bai iya hawa babur ya koma ba, a taksi muka kai shi. Ya yi makonni yana kwanciya ruf da ciki, yana gaya wa masu dubiya basir ne ya tasar masa. Da ya warke ya kawo mini wandon ranar, ƙasansa duk ya babbake, ya ce tun da ni na jawo masa, sai in gyara. Na ce sai na samu yadi irinsa. Kullum ya zo shan shayi sai ya tambaya, kullum in ce ban samu ba. Har ciwon ajali ya kwantar da shi muna wannan wasan.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga Yamai ta yau. Gari ya miƙe ta ko'ina, motocin pompiye sun fi na zamaninsa kyau, kuma na tabbata zai zagaya su yana shafawa. Amma lungunan da ya yi ta kuka a kansu suna nan yadda suke, kuma har yanzu in talaka ya tashi daga wurinsa, da wuya ya tarar da shi. Ba na jin zai yi mamaki. Zai dai tambaya ko an ƙara wa babur ɗinsa mai.

Babu titi mai sunansa, ban kuma ga hotonsa a bangon kowa ba. Sai dai a bara wuta ta ci wasu rumfuna kusa da mu, na ɗauki tabarma na lallaɓa. Na tarar da 'yan pompiye, yaran da ba su taɓa ganinsa ba, suna jiƙa ƙasa da ruwan ƙarshe, ɗaya yana bi yana taɓawa da bayan hannu. Wata yarinya mai sayar da atamfa tana jira da tabarmarta a hammata. Na tambaye ta ko ta san wanda ya fara wannan. Ta dube ni kamar na tsufa da yawa, ta ce, "Baba, ai haka ake yi tun da."

Ban gyara mata ba. Na koma rumfata, wadda har yau nake ci a cikinta, na buɗe akwatin da ke ƙarƙashin keke. Wandon yana nan a ninke. Yadi irinsa ya cika kasuwa, tun a wancan lokacin ma akwai shi. Allah ya jiƙan Kwamanda Salifu, ya sanyaya masa ƙasar da yake kwance a ciki.