Zane Biyu a Jikin Ƙofa

Yayata ce, amma a gida Uwar Ƙwai muke ce mata. Shekara ashirin tana aiki ɗaya a ɗakin bincike na jami'a: ta huda 'yar taga a jikin ƙwan kaza, ta leƙa da madubi mai ƙara girma ta ga yadda halitta ke haɗuwa, yau ƙashin baya, gobe ido. Kowane ƙwai sai ta rubuta masa kwanakinsa da fensir. Na sha yi mata tsiya, wai mutum ya yi digiri uku ya ƙare a gadin ƙwai. Sai ta yi dariya ta ce, "Ke dai zo ki ga zuciya ranar da ta fara bugawa." Na je na gani. Ɗan ɗigo ne kawai yake motsi, amma sai da tsigar jikina ta tashi.

Ilimin nan shi ya cuce ta, wallahi. Tare muka samu ciki, nawa na uku, nata na fari bayan shekara goma sha ɗaya da aure. Kullum tana ba ni labarin abin da ya tsiro wa nata a makon. Ranar awo, cikin wata na huɗu, ni na raka ta. Likita bai ko buɗe baki ba ta dubi allon na'urar hoton ciki ta ce, "Kashe na'urar, na gani." Zuciyar abin da ke cikinta ta tsaya.

Kwana bakwai ta koma aiki, muka ce ta dangana. Da na haifi 'yata ta riƙe ta kamar ita ta haifa. Tun da yarinyar ta fara tsayuwa, duk wata sai ta jingina ta da ƙofar ɗakinta ta ja zane a saitin kanta.

Bana, 'yar na shekara bakwai, na je taya Yaya fentin ɗakinta. Na tsuguna da burushi, sai na ga ashe zanen biyu ne, gefe da gefe, tun daga ƙasa. Na dama ya ɗan fi tsawo.

"Yaya, wannan ɗayan fa na wa?"

"Namiji ne," ta ce, tana goge hannu da tsumma. "A lissafina ya ɗara ta da yatsa biyu. Makon jiya haƙorinsa na gaba ya fita."

Ta karɓi burushin daga hannuna a hankali.

"Ki yi bangon, ƙanwata. Ƙofar ki bar mini, bai gama girma ba."