Ɗigon Jan Farce a Kan Tsohuwar Talabijin

Kullum ƙarfe takwas saura yake isowa. Sai ya ɗaga ƙofar shago da hannu biyu, don ta daɗe da daina tashi da hannu ɗaya, ya share bakin ƙofa, ya shiga ya bi tsofaffin talabijin ɗin da ke jere a kan katako yana goge musu ƙura. Guda goma sha ɗaya ne, masu ƙaton baya, irin waɗanda sai maza biyu ke ɗauka. Yawancin masu su sun rasu, ko sun manta da su. Daga nan ya jona ƙarfen liƙi ya yi zafi, ya sa tabarau, ya zauna jiran aikin da wata rana yakan zo, wata rana ko leƙe babu.

Baba Mai Kala ake ce masa a layinmu. Shekara arba'in da ɗaya yana cikin wannan ɗaki mai warin dalma, kuma ƙarshen watan nan zai rufe shi. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, kuma ba da farin ciki na ɗauka ba.

Yaran yanzu da suka tashi da rimot ba su san abin murɗawa ba. Tsohuwar talabijin tana da su a gabanta, wannan na murya, wancan na haske, wancan na kala. A cikin kowanne akwai wani siririn baƙin zobe, da ɗan harshen ƙarfe da ke zamewa a kansa in an murɗa. Shekaru suna tafiya harshen yana cin zoben, har muryar ta fara ƙara kamar ana suya, kalar ta riƙa zuwa tana ɗaukewa. An daina ƙera irinsu tun da daɗewa. Sauran masu gyara sai su ce maka ka jefar ka sayi ta bango. Shi Baba buɗe abin yake yi, abin da ba a ƙera shi don a buɗe ba. Ya wanke zoben da auduga da sifirit, ya goga masa fensir a inda ya cinye, sannan ya lanƙwasa harshen kaɗan, bai fi kaurin gashi ba, don ya bi sabuwar hanya a gefen tsohuwar. Aikin wuni guda ne a kan abin da bai kai murfin kwalba ba.

Yakan ce babu gida biyu da suke cin zoben a wuri ɗaya, domin kowane mai gida yana da inda hannunsa ke tsayawa. Gidan da akwai mai nauyin kunne, can sama na murya yake cinyewa. Ya taɓa gaya wa wani malamin makaranta cewa a gidansa ana kallo a ɓoye, don na muryar ya cinye a can ƙasa. Malamin ya koma ya bincika, ya tarar 'ya'yansa ne. Tela, maƙwabcinsa na shekara talatin, ya ce da Baba ya bar gyara ya koma duba da tuni ya sayi mota. Tela ne kuma ke tsokanarsa a kan kwalbar jan farce da yake ajiyewa don sa alama a kan kusoshi, yana tambayarsa ko uwar yara ta san da ita.

Telan nan ne ya fara gani. Ya leƙo wata rana da hantsi, ya tarar Baba ya gama daidaita wata talabijin yana kallonta cikin jin daɗi.

“Baba, mai karanta labaran nan ba shi da lafiya ne? Na ga fuskarsa shuɗi.”

Baba ya yi dariya, ya ɗauka tsokana ce irin ta kullum. Da ya juyo ya ga Tela ba ya dariya, sai ya miƙa hannu ya kashe ta. A asibiti aka ce yanar ido ce ta kama shi, komai yana ganinsa da rawaya-rawaya, shi ya sa yake ta ƙara shuɗi bai sani ba. Likita ya ce za a iya cire yanar, amma ciwon suga ya riga ya taɓa cikin idon, kada ya sa rai da yawa.

Wani da sai ya yi shiru. Baba ya zauna ya tuno gidaje uku da ya yi wa aiki a watannin nan, ya roƙi Tela ya rufe shago ya raka shi, tunda tela ya san kala. Gida gida suka bi, yana cewa shi ya ɓata musu, ya zo ya gyara. Biyu daga cikinsu ba su ma lura ba. Tela ya ce a hanyar dawowa Baba ya yi ta share ido da bakin hula.

Ya riga ya yanke shawarar rufe shagon lokacin da aka kawo talabijin ta ƙarshe. Ta wata dattijuwa ce, mijinta direba ne ya rasu bara. Babban ɗanta ya sauke akwatin daga mota yana huci, ya ce ya saya mata ta bango ta ƙi kallo, in wannan ba ta gyaru ba zuwa ƙarshen mako, 'yan gwangwan zai ba. Ita ba ta yi dogon bayani ba. Kalar ce ta ɗauke bayan rasuwar, jikoki suka yi ta murɗawa har komai ya rikice.

“Ni dai yadda ya bar ta nake so, Malam,” in ji ta.

Baba ya so ya ce mata ba ya gani. Amma sai ya karɓa. Tela ya ce kada ya damu, shi zai zama idonsa, kamar yadda suka yi a gidajen nan.

“Kai kalar yadi ka sani,” in ji Baba. “Ta gidansu fa?”

Kwana uku ya yi a kanta. Kusa ɗaya ta faɗi, ya yi rabin wuni yana lalube a ƙasa da tafin hannu, ya hana kowa taya shi. Da ya buɗe abin murɗa kalar, ya ɗauki allura ya bi zoben a hankali, tunda ido ya ƙi, har tsinin ya faɗa wani ɗan rami. Nan ne hannun marigayin ya yi shekaru yana tsayawa. Kafin ya goga fensir ya cike ramin, sai da ya ɗiga jan farce a waje, daidai wurin.

Ranar da suka dawo, ya zaunar da ita a kan benci, ya sa Tela ya duba masa cewa abin murɗawar yana kan ɗigon, ya kunna. Hoto ya taso a hankali. Tela ya ga fuskokin mutane jajir, ja ya yi yawa ƙwarai, ya matso ya raɗa wa Baba ya rage kafin ya ji kunya. Ɗan ma ya fara tsaki. Hannun Baba ya kai kan abin, ya tsaya, sannan ya janye shi.

Dattijuwar ta daɗe tana kallo, ta ja gefen mayafi ta rufe baki.

“Haka yake barin ta,” ta ce. “Shekara talatin ina yi masa faɗa a kan jan nan.”

Ta yi kuka sosai. Ɗan ya ɗauki akwatin ya kai mota, wannan karon a rungume. Shi kuwa Baba bai ga jan da ake magana ba, inuwa kawai yake gani tana motsi.

Kai ne, Baba, wanda bai taɓa cewa abu ya mutu ba sai ya buɗe ya duba. Kai ne ka bi gidajen mutane da ƙafarka kana faɗin laifin da ba wanda ya kama ka da shi. Mun wuce ta gaban shagonka shekara da shekaru, muna ɗaga maka hannu daga nesa, ba wanda ya turo maka ɗansa ya koya. Yanzu abin da ke cikin yatsunka zai tafi tare da kai, kuma laifinmu ne. Mun gode, ko da godiyar ta zo a makare. Allah ya ba ka lafiya, ya saka maka da alheri.

Ku masu sana'a, ku yi koyi da shi, ku riƙa buɗe abu kafin ku ce a jefar. Wanda kuma yake da mai gyara irinsa a layinsu, ya shiga ya zauna a kan bencinsa tun yana iya gane fuska.

Mai sayar da rigunan waya ne zai karɓi shagon, har ya zo ya auna bango. Ba wanda ya zo neman talabijin goma sha ɗayan nan. Yau da safe na ga Baba yana bin su da tsumma ɗaya bayan ɗaya, yana shafa kowacce da tafin hannu ya ji ko ƙurar ta fita.