Yayana a Cikin Mari

Shekarar da aka hana sallar jam'i saboda korona, a cikinta aka yanke wa yayana yatsun ƙafa uku. Ciwon suga ne. Ya dawo garinmu Maruda ya zauna a zaure, ba ya cin abinci, ba ya amsa sallama. Mutumin da kan riga kowa isa gona sai ya wuni yana kallon bango. Na yi masa rubutu a allo na wanke, ya sha.

Wata rana da hantsi maƙwabcinmu, abokin wasansa tun ƙuruciya, ya leƙo yana tsokanarsa, wai gurgu ya samu dalilin gudun noma. Yaya ya ɗauki fartanya ya sara masa a goshi. Jini ya wanke masa fuska har gemu. Yaya bai tsaya ba, ya farfasa randa, ya yi ta buga kansa da bango sai da muka danne shi mu huɗu.

Dattawa suka ce iska ce. Aka sa masa marin ƙarfe a ƙafa, aka kawo mai bulala daga wajen Gwandu ya yi ta zane shi, wai aljanin ake duka. Ƙarfen ya ci ƙafar da ba ta warke ba, ta fara ruwa. Dangin maƙwabcin suka rantse in aka kwance Yaya, hukuma za su kai shi.

Na ɗauke shi da marin zuwa asibiti a Kalgo saboda ƙafar. Likitar ta ce ciwon damuwa ne, yakan biyo doguwar jinya, kuma yana da magani kamar sugan. In ƙarfen ya zauna, ƙafar duka za ta tafi.

Da maganin ya fara kama shi, ya ce a kira maƙwabcin. Ya miƙa masa sandar da yake dogarawa.

"Rama, ɗan'uwa. Ba ni son ka yafe don tausayi."

Mutumin ya daɗe yana juya sandar. Sannan ya ɗaga ta ya sauke a kafaɗar Yaya da ƙarfinsa, har ta tsage. Yaya ya dafa ƙasa, bai yi ƙara ba.

"Shi ke nan, ba ni binka komi," in ji maƙwabcin. Ya juyo wajena. "Malam, aika a kira maƙeri ya cire masa wannan abu."